Juma'ar da aka harbe Ba'are: abin da gida ɗaya a Talladje ya riƙe

Har gobe Innata tana rantsuwa cewa ta ji ƙarar harbin da kunnenta. Ta ce tana tsugune bakin murhu tana ɗumama sauran soyayyen naman Layya, sai ta ji wani abu daga wajen filin jirgi kamar ana zazzage tsakuwa bisa rufin kwano. Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda da wannan zance ba. Ya kan ce mata, "Ke dai kin ji labari da yamma, kunnenki ya koma baya ya ɗauko ƙarar." Ita kuma ta ce, "Malam, kai kana lakwal, ni ina gida. Wa ya fi kusa da filin jirgi?" Shekara da shekaru suna wannan gardama, har ya koma ga Mahaliccinsa ba su daidaita ba.

Gidan da nake magana a kansa gidan haya ne a unguwar Talladje, kan hanyar da ta fita Yamai ta nufi Doso, ba nisa da filin jirgin sama. Ɗaki shida ne, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, iyali huɗu. Ina da shekara 16 a lokacin, ina ajin ƙarshe na kwalej. Abin da na rubuta a nan na tattara shi ne a hankali, wajen suna da biki da zaman makoki, duk inda na haɗu da waɗanda muka zauna tare a gidan nan. Ban kama sunan kowa ba, don wasunsu suna raye kuma ba su ba ni izini ba.

Abin da babu gardama a kansa

Ranar Juma'a ce, 9 ga Afrilu 1999, tsakiyar bazara, ba a cika mako biyu da Babbar Salla ba. Da hantsi shugaban ƙasar Nijar Janar Ibrahim Ba'are Mainasara ya isa ɓangaren soja na filin jirgin saman Yamai, zai hau jirgi mai saukar ungulu zuwa Inates, can kusa da iyakar Mali. Bai hau ba. Sojojin da ke tsaron lafiyarsa suka buɗe masa wuta da babbar bindiga, ya mutu nan take, shi da wasu daga cikin waɗanda ke tare da shi. Rundunar tsaron fadar tana ƙarƙashin Kumandan Dauda Malam Wanke. Bayan wasu awoyi faraminista Ibrahim Hasan Mayaki ya fito a gidan rediyon ƙasa ya ce shugaban ya rasu a wani mummunan hatsari, ya kuma ce an rushe majalisar dokoki, an dakatar da harkokin jam'iyyu. Ranar Lahadi 11 ga wata sojoji suka naɗa Wanke shugaban majalisar sasanta 'yan ƙasa, wadda aka fi sani da CRN, da alkawarin miƙa mulki cikin wata tara. Aka kai gawar Ba'are garinsu Dumega, a ƙasar Arewa, aka rufe.

Wanda bai rayu a wancan zamani ba sai an ɗan ja shi baya kafin ya gane irin zuciyar da labarin ya tarar a gari. Ba'are ya hau mulki da juyin mulki ranar 27 ga Janairu 1996, lokacin da shugaba Mahaman Usman da faraministansa Hama Amadu suka kasa zama inuwa ɗaya, aikin gwamnati ya tsaya cik. Mutane da yawa sun yi masa tafi a ranar. Abin da ya ɓata shi da rabin gari shi ne zaɓen 7 da 8 ga Yuli na shekarar, inda aka rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar aiki, aka kafa wata, aka tsare 'yan takarar adawa a gidajensu, aka ce ya ci da kashi 52 cikin 100. Daga nan ba a sake samun kwanciyar hankali ba. Ma'aikata na bin bashin albashi wata da watanni, yajin aiki ba ya ƙarewa, sojoji ma sun yi bore a bariki a 1998 kan kuɗinsu. A watan Fabrairu 1999 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, adawa ta ce ta yi rinjaye, a farkon Afrilu Kotun Ƙoli ta soke sakamakon wurare da dama. 'Yan adawa suka fito fili suka ce ya sauka. Ana cikin wannan ne Juma'ar ta zo.

Mutanen gidan, ɗaya bayan ɗaya

Baba malamin firamare ne, mutumin Adar, kuma bai taɓa ɓoye cewa ɗan jam'iyyar adawa ta Tarayya ne ba. Ya ce yana gaban allo, ya rubuta kwanan wata a kusurwar dama da farin alli kamar kullum, yana koyar da lissafi, sai ya ga iyaye mata sun fara taruwa a bakin ƙofar lakwal suna kiran 'ya'yansu da hannu. Ba wadda ta ce an kashe kowa. Abin da suke cewa kawai shi ne soja sun fito. Diraktan ya zagaya aji-aji ya ce a sallami yara. Baba ya tuna cewa da aka koma aiki, wannan kwanan watan yana nan a allo ba wanda ya goge, shi da kansa ya sa tsumma ya share shi. Duk lokacin da ya ba da labarin sai ya kawo maganar allon nan, ko da an tambaye shi wani abu daban.

Ɗakin da ke kallon namu na wani direban takisi ne, mutumin Dogondutsi, da tsagen Arawa a kumatunsa. Mu yara Baba Direba muke ce masa. Hoton Ba'are yana manne a gaban motarsa tun zamanin yaƙin zaɓe, rana ta ci shi har ya koɗe. Shi ne ya fi kowa kusa da wurin. Ya ɗauko wasu mutane daga Wadata, masu zuwa tarbar alhajinsu, kafin ya kai kwanar filin jirgi ya tarar soja sun gitta mota a hanya. Wani saurayin soja, wanda bai fi ɗansa ba, ya nuna masa da bakin bindiga ya juya. Ya ce abin da ya tsaya masa a rai shi ne hannun yaron yana rawa. Ya juya, ya mayar da fasinjojin, kuma bai karɓi ko dala ba. Kafin ya shigo gida ya tsaya a bakin titi ya ɓamɓare hoton, ya ninke shi, ya sa a aljihu. Wannan bai faɗa ba sai bayan shekaru masu yawa, kuma da ya faɗa sai da ya sunkuyar da kai. Ya ce a lokacin bai ma san an kashe shi ba, jikinsa ne kawai ya ba shi.

Kawuna, ƙanen Inna, yana sayar da katako da kwanon rufi a kasuwar Katako. Nasa labarin shi ya fi kowanne hayaniya. A kasuwa, in ji shi, cikin awa ɗaya ya ji magana iri huɗu: an kama Ba'are, Ba'are ya tsere cikin jirgi, jirgin ya faɗi, an harbe shi. Kowane mai faɗi yana da ɗan'uwa soja da ya gaya masa. Masu shago suka fara jan ƙofa, ba don sun tabbatar da komai ba, sai don maƙwabci ya ja tasa. Kawu ya je wajen masu wayar haya zai kira abokin cinikinsa a Maraɗi, layi ya ƙi shiga. Wayar salula ba ta yaɗu ba a wancan lokaci, labari da ƙafa yake tafiya da bakin direbobi. Ya yi alwala ya tafi masallaci. Ya ce bai taɓa ganin Juma'ar da mutane ke sallame salla suna saka takalmi da sauri irin wannan ba, ko gaisawa ba a tsaya yi ba.

Akwai kuma amaryar ɗakin ƙarshe, wadda mijinta ƙaramin soja ne. Ita ba ta da ruwa da siyasa ko kaɗan. Mijin ya fita da asuba, bai dawo ba sai bayan kwana uku. Abin da ta riƙe daga ranar shi ne kwanon abincinsa da ta rufe ta ajiye, da yadda Inna ta shigo ta zauna kusa da ita ta ce, "Ƙanwata, tashi ki ci wani abu, in sha Allahu alheri ne." Da ya dawo ta tambaye shi, ya ce an tsare su a bariki ne, bai ga komai ba, kada ta sake tambayarsa. Ba ta sake ba. Da na same ta a wani biki shekarun baya, ta zama kaka, na tambaye ta ranar da aka kashe Ba'are, sai ta gyara mini ta ce, "Kana nufin lokacin da baban su wane ya kwana uku bai dawo ba."

Ni kuwa ina fada, wato majalisar shan shayi ta samari. Ba mu da darasi a safiyar nan, muna zaune gindin bedi mu shida, an ɗora shayi na biyu, ƙaramar rediyo tana rataye a reshe. Na tuna wanda ke hura gawayi, na tuna inda tabarmar ta yage. Da aka ce soja sun fito, babban cikinmu ya ce kowa ya kama gabansa, amma sai da muka shanye shayin.

Kalma ɗaya a rediyo

Wajen da labaran nan biyar suka haɗu shi ne tsakar gida, bayan an sauko daga masallaci. Baba ya fito da rediyonsa ya ajiye bisa turmi da aka kifa, kowa ya kewaye. Muryar Sahel ce. Da faraminista ya yi magana da Faransanci, Baba ne ya fassara wa mata. Ya ce, "Wai hatsari ne." Baba Direba ya ɗaga kai ya ce, "Mushe, hatsari kuma? Ni direba ne, na san hatsari. Ba a tare hanya da soja saboda hatsari." Daga nan ya yi salati, ya tashi ya shige ɗaki.

Da dare aka murɗa zuwa BBC da Muryar Jamus da RFI, can aka ji abin da gari ya riga ya sani tun azahar. Amma kalmar ta riga ta zauna. Tsawon watanni, in mutum ya fasa kwano ko ya ci bashi ya ƙi biya, sai a ce ai hatsari ne, a yi dariya mai ɗaci. A ganina wannan kalma ita ta sa mutanen Yamai suka riƙe ranar fiye da yadda suka riƙe sauran juye-juyen mulki. An yi na 1996, an yi na 2010, kowanne soja sun fito sun ce mu ne, ga dalilinmu. Wannan kuwa an yi shi da rana tsaka, gaban shaidu, sannan aka ce wa mutane ba abin da suka sani ba ne. Daga Juma'a zuwa Lahadi ƙasar ba ta da shugaba. Tsarin mulki ya tanadi shugaban majalisar dokoki ya riƙe, ga shi an rushe majalisar a jawabin da aka sanar da mutuwar.

Tsofaffin unguwa su kuma wani Afrilun suka tuno, na 1974, lokacin da Saini Kunce ya kifar da Diori Hamani, aka kashe uwargidansa Aisa cikin dare. Wani dattijo mai sayar da goro a bakin gidanmu ya tunatar da mu cewa Ba'are kansa dogarin Kunce ne a farko, kuma ya taɓa shugabantar wannan runduna ta tsaron fada da ta harbe shi. Ya faɗa ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa.

Inda labaran suka saɓa

Da na jera abin da kowa ya gaya mini, sai na ga wani abu da ban zata ba. Wajen wuri babu mai kuskure. Kowa ya san inda yake tsaye, abin da ke hannunsa, wanda ke kusa da shi, kuma in ka tambayi na kusan sai ya gaskata. Baba ya ce allo, Kawu ya ce ƙofar shago, amarya ta ce kwano. Inda ake samun saɓani shi ne lokaci, da kuma abin da mutum ya sani a wane sa'i.

Kawu yanzu yana cewa tun kafin azahar ya tabbata an kashe shi. Amma Inna ta tuna sarai cewa da ya shigo gida bayan Juma'a cewa ya yi Ba'are ya tsere zuwa Libiya. Baba yana cewa shi ya daɗe da sanin haka za ta faru, alhali a daren Alhamis, ina ji da kunnena, lissafinsa shi ne mutumin nan sai ya yi shekara goma kamar Kunce ko fiye. Ni ma ban tsira ba. Na daɗe ina ba da labari cewa a fada muka ji sanarwar faraminista a rediyon da ke rataye a bedi, sai wani abokina ya ce mini ai batirin rediyon ya mutu tun ranar Laraba, ado kawai take yi. Na yi gardama, daga baya na tuna gaskiyarsa ne. A gida na ji, bisa turmi.

Ƙarar da Inna ta ji fa? Na auna abin a raina sau da yawa. Babbar bindiga ce, gari ya yi tsit da zafin hantsi, unguwar kuma tana maƙwabtaka da filin. Zai yiwu ta ji. Amma jiragen soja da atisaye ba baƙon abu ba ne a kunnen mutanen Talladje, kuma amaryar da ke ɗaki uku daga murhun ta ce ita ba ta ji komai ba. Na bar wa Inna abinta. Abin da na lura da shi dai, a unguwar nan yawan waɗanda suka ji harbin yana ƙaruwa kowace shekara, har da waɗanda a lissafina suna goye a lokacin.

Abin da ya fi wuyar fitowa daga bakin mutane shi ne abin da suka ji a zuciya. Mutumin da ke bin bashin albashin watanni, wanda aka sace masa ƙuri'a a ganinsa, me ya ji da aka ce wanda yake zargi ya mutu? Baba bai taɓa amsa wannan kai tsaye ba sai sau ɗaya, yana jinyar ƙarshe. Ya ce da farko wani sanyi ya ji, kamar an sauke masa kaya. Bai kai minti ɗaya ba ya hangi Baba Direba yana shiga ɗaki, sai kunya ta rufe shi, don Musulmi ne aka kashe ranar Juma'a, mai mata da 'ya'ya. Ya ce waɗannan biyun ba su taɓa rabuwa a ransa ba. Ina kyautata zaton dubban mutane a Yamai haka suka kwana, shi ya sa gari bai yi murna a titi ba, bai kuma tashi da bore ba. Washegari aka buɗe kasuwa, mai ƙosai ta fito, takisi suka ci gaba da ɗaukar mutane.

Abin da ya biyo baya

Faransa ta dakatar da taimakonta, sauran masu ba da agaji ma suka ja hannu, talauci ya ƙara tsanani a watannin riƙon ƙwarya. Wanke dai ya cika alkawarin wata tara. A watan Yuli aka yi ƙuri'ar raba gardama kan sabon tsarin mulki, a Oktoba da Nuwamba aka yi zaɓe, Tanja Mamadu ya kayar da Mahamadu Isufu a zagaye na biyu, aka rantsar da shi a Disamba 1999. Sai dai cikin wannan tsarin mulki an sa ayar da ta yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da na 9 ga Afrilu 1999, a jimla ɗaya. Wato an yafe wa Ba'are da waɗanda suka kashe shi tare. Baba ya kaɗa wa wannan tsarin mulki ƙuri'ar amincewa, yana sane da ayar, don yana son soja su koma bariki. Baba Direba bai je rumfar zaɓe ba.

Saboda wannan afuwa, duk ƙarar da iyalan marigayin suka shigar a cikin gida ba ta je ko'ina ba. Wanke ya rasu a 2004 ba tare da ya tsaya gaban alƙali ya yi bayani ba. Sai a watan Oktoba 2015 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, da ke Abuja ta yanke cewa an tauye wa iyalan haƙƙinsu, ta umurci gwamnatin Nijar ta biya su diyyar sefa miliyan 435. Wanda ya ba da umurni, da wanda ya sani ya yi shiru, da dalilin da ya sa aka zaɓi kisa maimakon kamu, babu wata kotu da ta zauna ta warware wa 'yan ƙasa su. Don haka in aka taɓo zancen a fada ko a zaman makoki, ba a daɗewa kan wa ya yi, da sauri ake komawa kan kai kana ina, domin nan ne kowa ke da abin da zai iya rantsuwa a kai.

Baba da Baba Direba sun yi kusan wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa su. Ba faɗa suka yi ba, kowa dai ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya. Abin da ya warware su ciwon ƙanwata ne, cikin dare da farkon damina, zazzaɓi ya sa ta fara sanƙarewa. Baba ya ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu ya ce, "Maƙwabci, a taimaka." Mutumin ya fito ko riga bai gama sawa ba ya tayar da mota.

Ranar sadakar bakwai ta Baba, tsohon direban ya zo da sanda, ido ya fara gazawa. Bayan an shafa fatiha ya kira ni gefe, ya ce, "Ɗana, kai ne mai tambaye-tambayen nan ko?" Ya laluba aljihu ya fito da wata tsohuwar jakar takardu, cikin lasin ɗinsa da ya daina aiki akwai hoton nan a ninke huɗu, fuskar ta kusa gogewa, da sauran gam a bayansa. Ya ce mahaifina ya san yana nan, tun daren da suka kai yarinya asibiti ya gani, lokacin da ya buɗe jakar zai nuna wa 'yan sintiri takardun mota. Na tambaye shi me Baba ya ce. Ya ce bai ce komai ba, fitilar hannu kawai ya ƙara matso masa da ita don ya samu takardar da yake nema.